Yadda Ake Aiki da Na'urar Gano Kebul da Bututun da Aka Binne, da Yadda Ake Kula da Ita

Duk wanda zai sa diga ko haƙoran katafila a ƙasa, a bakin titi ne ko a harabar gini, ya ɗauka cewa wani ya riga shi binne abu a wurin: kebul na lantarki, wayar sadarwa, bututun ruwa ko na gas. Wanda ya binne ya daɗe da tafiya, taswirar da ya bari ta tsufa, titin ma mai yiwuwa an faɗaɗa shi ko an ƙara masa ciko. A ranar 30 ga Yuli, 2004, wani babban bututun gas ya fashe a Ghislenghien da ke ƙasar Beljiyam, mutum 24 suka rasa rayukansu, sama da 100 suka jikkata. Da aka bincika, sai aka tarar injin masu aikin gini ne ya gurje jikin bututun makonni kafin ranar.

Na'urar gano layukan ƙasa tana hana irin wannan, amma sai a hannun wanda ya fahimci abu guda: ba ta ganin kebul, ba ta ganin bututu. Abin da take ji shi ne maganaɗisun da ke kewaye da ƙarfe idan lantarki na gudana a cikinsa. In babu wannan, sai ka tsaya a kan kebul mai iya kashe mutum, ita kuwa ta yi tsit. Saboda haka shirunta ba shaida ba ne cewa ƙasa ba komai a cikinta.

Kayan aikin

Kashi biyu ne. Akwai risiba, wadda ake riƙewa a hannu ana tafiya, mai allo da lasifika, ƙasanta faffaɗa ne kuma siriri, a nan ne wayoyin da ke jin sigina suke nannaɗe. Akwai taransimita, akwatin da ke tura sigina a jikin layin da ake nema. Tare da shi akan samu jan waya da baƙar waya masu bakin kada, da turken ƙarfe, da zoben maƙalawa mai buɗewa da rufewa. Kamfanoni irin su Radiodetection, Vivax-Metrotech, Leica da RIDGID duk suna ƙera su. Maɓallan sun bambanta, aikin ɗaya ne. Littafin da ya zo da taka na'urar shi ke da magana ta ƙarshe a kan maɓalli da alama, don haka a karanta shi.

Mataki na 1: tun kafin ka kunna komai

Nemi taswirar layuka daga masu wuta, masu ruwa, masu gas da masu sadarwa. A Amurka lamba 811 ake kira kafin haƙa, a zo a yi wa wurin alama. Wasu ƙasashen suna da nasu tsarin, inda babu kuwa sai ka bi ofis-ofis. Taswira tana gaya maka abin da za ka nema, ba ta gaya maka ainihin inda yake.

Sannan ka taka wurin da ƙafa, ka buɗe ido. Murfin rami, akwatin mita, taransifoma, fitilar titi, kebul da ya gangaro daga turken lantarki ya shige ƙasa, famfon kashe gobara, facin kwalta mai tsawo da ya bambanta da sauran titi, ƙasa da ta ɗan lotsa a miƙe: kowanne yana nuna akwai layi, kuma yawancinsu wurin haɗa taransimita ne nan gaba. Fitilar titi, in ba mai aiki da hasken rana ba ce, ba ta rayuwa ba waya. In ka ga biyu a jere ba igiya a sama, to wayar tana ƙarƙashin ƙafarka.

Mataki na 2: gwajin safe

Kada ka fara aiki da na'urar da ba ka gwada ba a ranar. Duba batir na risiba da na taransimita. Ajiye taransimita a ƙasa, kunna shi, ja da baya, ka ga ko risiba tana amsawa da ƙarfi. Kai ta kusa da wayar da ka san tana ɗauke da wuta, ka ji ko za ta yi kuka. Mafi kyau shi ne a samu layi guda a wurin ajiyar kaya wanda aka san inda yake da zurfinsa, kullum a gwada a kansa. Ranar da ta ba da lambar da ta saɓa da ta kullum, ba za ta fita aiki ba. Sa wayarka ta hannu nesa da risiba, domin tana rikita ta.

Mataki na 3: sharar fage ba tare da taransimita ba

Risiba tana da hanyoyi biyu na ji ita kaɗai. Na farko, mai alamar P, yana jin wutar da ke gudana a kebul, wadda bugunta 50 Hz ne (wato sau 50 a daƙiƙa) a yawancin duniya, 60 Hz a Amurka da wasu ƙasashe. Na biyu, mai alamar R, yana jin siginar rediyo mai nisan zango da dogon ƙarfe ke kwasa a ƙasa ya sake fitarwa.

Riƙe ta a tsaye, ƙasanta dab da ƙasa, faɗinta yana bin hanyar da kake tafiya. Yi tafiya a hankali. Kada ka riƙa lilo da ita kamar mai feshin gona, wannan kuskure ne da ake yawan yi, domin lilo yana sa ta ji layi a inda ba ya nan. Bi filin layi-layi daga gabas zuwa yamma, sannan ka sake bin sa daga kudu zuwa arewa. Dalilin maimaitawar shi ne risiba tana jin layin da ta gitta, ba ta jin wanda take tafiya tare da shi. Ka wuce iyakar wurin haƙar da 'yan mitoci ta kowane gefe. Yi da P, ka maimaita da R.

Idan ta yi ƙara, tsaya. Rage ƙarfin jinta har allo ya sauko wajen rabi, ka matsa gaba, ka dawo baya, har ka sami inda ƙarar ta kai ƙololuwa. Nan ne saman layin. A tsaye a wurin, juya ta a hankali: inda ƙarar ta mutu, faɗin na'urar ya daidaita da hanyar da layin ya bi. Yi alama, ka ci gaba da sharar har ƙarshe, kar layi ɗaya ya ɗauke maka hankali daga sauran.

A nan nake so a tsaya a yi tunani, domin a nan ake rasa rai. P yana jin wuta mai gudana ne kawai. Kebul da aka yanke aka toshe bakinsa yana cike da wuta amma ba ya jan komai, saboda haka ba ya ƙara. Kebul na fitilar titi da rana haka. Kebul mai layi uku da nauyinsa ya yi daidai wa daida yana iya yin shiru, domin maganaɗisun kowane layi yana kashe na ɗan'uwansa. In an ɗauke wuta a lokacin da kake shara, ba abin da za ka ji, kuma za a iya dawo da ita shebur na kan wayar. R kuma ya dogara da siginar da ba kai ke iko da ita ba, gajeren layi sau da yawa ba ya kama ta. Wanda ya tsaya a wannan matakin ya ce fili lafiya lau, rabin aiki ya yi.

Mataki na 4: tura sigina da kanka

Hanyoyi uku ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Haɗi kai tsaye shi ne mafi inganci. Taransimita a kashe, maƙala jan waya a jikin ƙarfen layin: bututu, famfo, ko wayar bibiya da aka binne tare da bututun roba. Kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi haske, in ba haka ba sigina ba za ta shiga ba. Kai turke gefe, a gicciye da hanyar da kake zaton layin ya bi, iya tsawon waya. Kafin ka kafa shi, bi wurin da risiba, kada turken naka ya zama shi ne abin da ya huda kebul. Maƙala baƙar waya a turke, sannan ka kunna. Yawancin taransimita sautinsu na canjawa idan haɗin ya kama. In bai canja ba kuma ƙasa busasshiya ce, zuba ruwa a gindin turken. Kada ka ɗaura baƙar waya a shingen ƙarfe ko wani bututu don neman sauƙi, sigina za ta bi su ta dawo, ka wuni kana bin shinge. Kuma kada ka taɓa maƙala jan waya a wayar da ke da wuta. Wannan aikin ma'aikacin lantarki ne mai izini, da mahaɗi na musamman da aka yi don haka.

Zoben maƙalawa na kebul ne da ba za a iya kashewa ko ferewa ba. A zagaye kebul mai rufi da shi, a tabbata bakinsa ya haɗu ruf. Yana aiki sosai idan kebul ɗin yana da haɗi da ƙasa ta ɓangarorinsa biyu. Ba a sa shi a tsirarar waya mai wuta.

Ta uku ita ce ajiye taransimita a ƙasa a saman layin, ya cusa sigina ba tare da waya ba. Akwai alama a jikinsa da ke nuna yadda za a daidaita shi da layin. Sai dai wannan hanyar ba ta zaɓe, duk ƙarfen da ke ƙasa yana ɗauka. Kuma in ka tsaya kusa, siginar da ke zuwa ta iska za ka ji. Ba da tazarar aƙalla mita 10. In kana shakka, ɗaga bakin risiba ka nuna taransimita: in ƙara ta ƙaru, iska kake ji. Amfaninta babba shi ne sharar mutum biyu: ɗaya riƙe da taransimita dab da ƙasa, ɗaya da risiba, tazarar kamar mita 20 a tsakani, su taka tare kafaɗa ɗaya. Layin ƙarfen da suka gitta tare yakan amsa, har wanda P da R suka tsallake.

Sai zaɓen lambar sigina, wato saurin bugunta. Ƙananan lambobi irin su 512 Hz da 8 kHz (kHz ɗaya Hz dubu ne) suna tafiya nesa kuma suna zama a layin da aka sa su. Manya irin su 33 kHz, 65 kHz da 83 kHz suna tsallake mahaɗin bututu mai tsatsa ko mai roba, suna shiga siririyar waya, amma suna tsallakawa zuwa layukan maƙwabta. Fara da mafi ƙanƙanta da za ta yi aiki, da ƙarfi kaɗan, ka ƙara in ta gaza. Risiba da taransimita dole su kasance a lamba ɗaya.

Mataki na 5: bin layi da tabbatar da shi

Ja baya kamar mita 5 daga wurin haɗi, ka zagaye shi gaba ɗaya, kana lura da duk inda ta amsa. Sannan ka bi kowanne, kana ɗan matsar da risiba hagu da dama tana tsaye, kana alama bayan 'yan taku. In sigina ta faɗi kwatsam, kada ka ce layi ya ƙare. Ƙara ƙarfin jin risiba, ka zagaye wurin: ko kwana ya yi, ko ya rabu biyu, ko ya nutsa.

Wanda ya fi ƙara ba lallai shi ne naka ba. Waya marar zurfi da ta saci sigina kaɗan tana iya fin bututunka mai zurfi kuka. Na'urorin da ke auna yawan siginar da ke cikin layi, da ma'aunin lantarki da ake kira mA, su ke raba gardama: wanda lambarsa ta fi girma shi aka haɗa. Abin da ya fi duka shi ne ka bi layin har ya kai ka wani abu da ido ke gani, mita ko rami ko turke.

Manyan risiba suna da ji iri biyu: wanda ƙara ke kaiwa ƙololuwa a saman layi, da wanda take mutuwa a samansa. Gwada duka. In sun nuna wuri ɗaya, sigina tsaf take. In sun saɓa, akwai wani ƙarfe kusa da ke karkatar da ita, rodin kankare ko shinge ko wani layin. A irin wannan hali wurin ƙololuwa ya fi kusa da gaskiya, zurfin da allo ya nuna kuwa kada ka amince da shi.

Mataki na 6: zurfi

Ana auna zurfi da siginar taransimita, a miƙaƙƙen wuri nesa da kwana, nesa da mararraba, nesa da taransimita ɗin kansa, risiba a tsaye daidai saman layi tana taɓa ƙasa. Lambar da za ka gani zuwa tsakiyar layin take. Bututu mai faɗin santimita 60 da allo ya ce yana mita 1, samansa yana santimita 70 ne. Mai katafila da aka gaya wa mita 1 zai same shi tun bai yi zato ba.

Tabbatar da lambar ta hanya biyu. Ɗaga risiba sama da santimita 50 ka sake aunawa, ya kamata zurfi ya ƙaru da 50. Ko kuma ka daidaita ƙololuwa a kan 100, ka matsa hagu har ta sauko 70 ka yi alama, ka matsa dama har 70 ka yi alama. Tazarar da ke tsakanin alamomin biyu ita ce kimanin zurfin. Ko duka sun dace, kiyasi ne. Ba a ba direban injin izinin haƙa da shi.

Mataki na 7: abin da ba ƙarfe ba

Bututun roba, na kankare, na yumɓu, da wayar intanet ta zaren gilashi marar ƙarfe ba sa ɗaukar sigina. In an binne su da wayar bibiya, a haɗa da ita. In bututu ne da za a iya shiga, kamar magudanar ruwa, ana tura ƙaramar taransimita mai batir da ake kira sond a bakin doguwar sanda mai lanƙwasa, a bi ta daga sama. Riƙon ya bambanta: faɗin risiba yana bin tsawon sond ɗin, ba a gicciye ba. Za ka ji ƙananan ƙara biyu, gaba da baya, babbar tana tsakiya, ita ce wurin. A bututun ƙarfen zubi sond mai 512 Hz ake so, don ita ke ratsa bangonsa. In duk wannan bai yiwu ba, sai radar ta ƙasa, wadda ake turawa a kan taya. Tana aiki da kyau a busasshen yashi, tana gazawa a jiƙaƙƙen laka, kuma karanta allonta sai wanda aka horar.

Mataki na 8: alama da haƙa

Yi alama da fenti ko tuta, da launin da kowa a wurin ya fahimta. A tsarin Amurka ja na lantarki ne, rawaya na gas da mai, ruwan lemo na sadarwa, shuɗi na ruwan sha, kore na magudana, fari na iyakar wurin haƙa. Wasu ƙasashen launinsu daban, a bi na wurin. Ɗauki hoto, domin ruwan sama da tayar mota na share fenti.

Daga nan sai ramin gwaji da hannu, da shebur mai rufaffen ƙota, ba diga ba, ba abu mai tsini ba. A haƙa a gefen alamar, a tono layin ta kaikaice har ido ya gan shi. Jagorar hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata ta Birtaniya mai lamba HSG47 ta ce kada a sa injin fasa kwalta na hannu cikin rabin mita daga inda aka ga alamar kebul. Ana haƙa ana sake sa risiba a ramin, kamar bayan kowane santimita 30, domin sigina na ƙara fitowa, kuma wani layin na iya ɓoye a ƙarƙashin na farko. In ka ci karo da tef na gargaɗi, ko jerin bulo, ko yashi mai laushi a tsakiyar jar ƙasa, ka iso.

In tsautsayi ya faru aka taɓa kebul, kowa ya ja baya, direba ya zauna cikin motarsa har a kashe wuta, a kira masu layin. In gas ne, a kashe injina, a hana wuta da taba, a janye mutane, kada kowa ya yi ƙoƙarin toshewa. Ko gurjewa ce kaɗan, a faɗa. Rufe ta da ƙasa zalunci ne ga wanda zai zo wurin gobe.

Kula da na'urar

Batir yana yawan kashe waɗannan na'urori. Kada a haɗa tsoho da sabo, ko iri biyu. In za a ajiye ta makonni, a cire su, domin ruwan batir yana cin ƙarafan haɗi. Farin gari a wurin batir alama ce ya fara zuba, a goge tun da wuri. Mai caji na litiyam kada a bar shi a rufaffiyar mota cikin rana, kuma in ajiya ce mai tsawo a bar shi da kimanin rabin caji. A riƙa tafiya da na canji a jaka.

Bayan aiki a goge laka da ɗanyen tsumma. Ba fetur, ba tina, ba injin wankin mota. Yawancinsu suna jure yayyafi, ba sa jure nutsewa. In ta jiƙe, a buɗe wurin batir ta bushe a inuwa kafin a rufe ta a jaka.

Faɗuwa mugun abu ne gare ta. Wayoyin da ke ciki suna nannaɗe a kan wani abu mai saurin tsagewa, kuma tana iya ci gaba da kunnuwa tana ƙara alhali lissafinta ya karkace. Risiba da ta faɗo daga mota sai an gwada ta a kan sanannen layi kafin ta koma aiki. Ba a dogara ta kamar sanda, ba a jefa ta bayan mota tare da shebur da guduma. Robar da ke ƙasanta in ta cinye, a canja.

Wayoyin taransimita sukan karye daga ciki, galibi a gindin bakin kada ko wurin da suke shiga akwati. Gwaji mai sauƙi: haɗa jan baki da baƙi, kunna da ƙarfi kaɗan, ka ji ko sauti ya canja, kana ɗan murɗa wayar. In yana yankewa, ta mutu. A naɗe su sakwa-sakwa, ba a ɗaure tam a jikin akwati ba. A goge tsatsar haƙoran kada da ta turke. Bakin zoben maƙalawa ya kasance fes, ƙwayar yashi ɗaya tana hana shi rufewa. Sond kuma a wanke ta bayan fitowa daga magudana, a duba zoben robar da ke hana ruwa shiga, a cire batirinta.

Sau ɗaya a shekara, kamar yadda yawancin masu ƙera su ke ba da shawara, a kai ta wurin da aka amince a auna daidaitonta, a karɓi takardar shaida, a manna ranar auno na gaba a jikinta. Wasu sababbin ana iya duba su ta kwamfuta da manhajar kamfanin. A ajiye ɗan littafi a jakar kowace na'ura: ranar gwaji, wanda ya ɗauka, ranar da ta faɗi ko ta jiƙe. Wadda ta gaza gwaji a ɗaura mata takarda a jiki, a cire batirinta, a raba ta da masu lafiya har ta dawo daga gyara.